Kanikancin Mota a Ƙasar Katagum: Daga Injin 504 Zuwa Injin VVT

Kanikanci a ƙasar Katagum sana'a ce da hanya ta haifa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930, wani layin kuma ya ratsa Bauchi da Gombe ya dangana da Maiduguri a 1964, amma babu ko ɗaya da ya bi ta Azare. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da ake fitarwa daga wannan ƙasa, tun da aka sauke su daga bayan jaki da raƙumi da takarkari, a bayan mota suka ci gaba da fita. Inda kuwa mota ta zama ita ce ƙafar kasuwa, ba makawa sai an sami mai gyara ta.

Masarautar Katagum ta girmi shigowar mota ƙasar da kimanin ƙarni guda. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar Shehu Usman Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, garin Katagum da ke bakin kogin Jama'are ya zama mazaunin sarki. A 1824 Baturen nan mai yawon binciken ƙasa, Clapperton, ya sauka a garin ya same shi da ganuwa da kasuwa mai ci. Turawan mulkin mallaka sun shigo a 1903, a 1916 aka mayar da fadar Azare, kimanin kilomita 70 kudu da tsohon garin, a 1926 kuma aka cire masarautar daga lardin Kano aka haɗa ta da lardin Bauchi. Wannan ƙaura ta ɗora fadar a kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno, wadda ke bi ta Wudil da Jama'are ta ratsa Azare ta wuce Potiskum da Damaturu. Daga Azare kuma hanyoyi suka rarrabu zuwa Misau, da Shira da Giade, da Gadau da Katagum. Garin da hanyoyi suka haɗu a cikinsa nan direba ke kwana, nan yake shan mai, nan kuma yake neman wanda zai duba masa ƙarar da ya ji a hanya.

Kanikawan farko a Arewa ba a garejin bakin titi suka koya ba. Sun fito ne daga ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e, da wuraren gyara na jirgin ƙasa, da kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt da SCOA da CFAO, sai kuma sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da ilimin tuƙi da gyara. Da yawa daga cikin ƙwararrun wancan zamani mutanen Kudu ne. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya har zuwa 1970 suka sa da yawansu komawa gida, yaran da ke miƙa musu sifana suka gaji wurin. A garuruwa irin Azare sana'ar ta tarar da hannayen da suka riga suka saba da ƙarfe: maƙera, da masu gyaran keke, da masu kula da injin niƙa, da karnukan mota waɗanda doguwar tafiya a kan hanyar burji ta koya musu kwance taya da ɗaure sifirin kafin su iya riƙe sitiyari. Direban gingimari na lokacin Bedford da Austin da Mercedes 911 shi kansa rabin bakanike ne, domin idan mota ta mutu a daji babu wanda zai kira.

Shekarun 1970 su ne suka cika garejin da ƙananan motoci. Kuɗin man fetur ya shigo, an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr kuma ya buɗe masana'antar manyan motoci da taraktoci a Bauchi a ƙarshen shekarun. Peugeot 404 a-kori-kura ta zama motar cin kasuwannin ƙauye, 504 kuma ta zama motar ma'aikaci da ta gwamnati da ta haya a tasha. Zuriya guda ta kanikawa a kan injin 504 ta koyi sana'a, kuma yawancin ɗabi'un da ake gani a gareji yau, nagari da marasa kyau, daga wannan injin aka gaje su.

Kafin a gane abin da ya canza, sai an san aikin kamshaf. Inji yana numfashi ne ta bawul: na shiga su buɗe iska da fetur su shiga silinda, na fita su buɗe hayaƙi ya fice. Kamshaf sandar ƙarfe ce mai ɗauke da tozaye, kowane tozo yana danna bawul ɗinsa idan juyi ya zo kansa. Karanshaf ke juya ta da sarƙa ko bel, kuma duk juyi biyu na karanshaf ita juyi ɗaya take yi. Tsakanin tozayen akwai wuyoyi masu santsi da ke kwance a mazauninsu. Wuyan ba ya taɓa mazaunin idan inji na aiki. Yana yawo ne a kan siririn shimfiɗar baƙin mai da famfo ke turowa. Ranar da wannan shimfiɗa ta yanke, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, daga nan ci ya fara.

A injin 404 da 504 kamshaf tana ƙasa, a cikin bulok na baƙin ƙarfe, kusa da babbar hanyar mai, tana aika motsi sama ta dogayen sanduna. Lokacin buɗe bawul da rufe shi ƙayyadadde ne: da zarar an daidaita makin taimin an ɗaura sarƙa, babu abin da zai sake motsa shi. Irin wannan inji yana da haƙuri. Yana shan mai mai kauri, yana jure wanda ya daɗe ba a juye ba, kuma idan zai buga, metal ɗin karanshaf ne ke fara tafiya, mazaunin kamshaf ba kasafai yake zama sanadi ba. A injunan manyan motoci ma da ke da zoben tagulla ko metal a mazaunin, ana fitar da tsohon a dasa sabo. Kayan binciken bakanike kunnensa ne da doguwar sukudireba da yake kafa bakinta a jikin inji ya kara kunne a ƙotar. Da ita yake raba ƙarar tafet da ƙarar metal da ƙarar fistin. Yana saita tafet da ma'aunin tazara, ya murza distiributa har silo ya kwanta, ya wanke kafireto da fetur. Garambawul kuwa aiki ne sananne: a goge bawul, a sa ringi da silif da metal sababbi, a mayar da tof silinda da sabon gaskit. Wannan ilimi na gaske ne, kuma shi ya riƙe sufurin Arewa shekaru masu yawa. Bai kamata a raina shi ba don kawai injin da aka gina shi a kansa ya shuɗe.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Gurbinsu motocin gwanjo suka cike, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano saboda tashoshin da suke biyowa, har zuwa farkon 2017 da gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu. Golf da Vectra da Sharan da Hiace suka karɓe tasha, Honda Accord da Toyota Camry da Corolla suka karɓe gidaje. A 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, sassan Shuwarin zuwa Azare da Azare zuwa Potiskum na cikinta, kuma hanya mai kyau tana nufin gudu mai tsawo da inji mai zafi. Cibiyar lafiya ta tarayya da kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a Azare, da jami'ar jiha da aka kafa a Gadau a 2011, sun tara ma'aikata masu irin waɗannan motoci.

Motocin sun zo da canji biyu da suka shafi kamshaf. Na farko, ta hau sama ta zauna a kan tof silinda na alminiyam, sau da yawa ma biyu ne, ɗaya ta bawul ɗin shiga ɗaya ta na fita. A yawancinsu babu metal a mazaunin. Wuyan yana juyawa ne kai tsaye a kan alminiyam ɗin tof, da marfi a samansa. An huda mazaunan ne tare da marafansu a masana'anta a lokaci guda, shi ya sa kowane marfi ke da lamba da kibiya, kuma ba ya zama daidai a wani gurbi ko a wani tof. Wurin kuma shi ne mafi nisa daga famfon mai. Kamar lambun da ke ƙarshen magudana ne a fadamar Jama'are: shi ke samun ruwa a ƙarshe, shi kuma ke fara bushewa idan ruwa ya ja baya.

Canji na biyu shi ne taimin ɗin bawul ya daina zama ƙayyadadde. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa lokacin da ya dace a rufe bawul a silo ba shi ne ya dace a gudu ba, don haka ƙayyadadden taimin sulhu ne tsakanin buƙatu biyu. Alfa Romeo ce ta fara sayar da mota mai sauya taimin a 1980. Honda ta fito da VTEC a 1989, BMW ta kawo VANOS a 1992, Toyota kuma ta fara da VVT a 1991 ta inganta shi zuwa VVT-i a tsakiyar shekarun 1990. Zuwa farkon shekarun 2000 tsarin ya shiga motocin talakawa: injin 1ZZ-FE na Corolla, da 2AZ-FE na Camry ta 2002, da injin i-VTEC na Accord ta 2003. Waɗannan su ne motocin da suka cika titunan Azare bayan shekara goma.

Yadda VVT-i ke aiki abu ne mai sauƙin fahimta idan an buɗe shi. Giyar da ke kan kamshaf ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Ɓangaren waje yana bin sarƙa, na ciki yana ɗaure da kamshaf, yana da fukafukai da ke raba cikin giyar ɗaki-ɗaki. Idan mai ya cika ɗakunan gefe ɗaya kamshaf ta yi gaba da sarƙa, idan ya cika na ɗaya gefen ta koma baya. A injin Corolla tazarar ta kai kimanin digiri 40 na juyin karanshaf. Wanda ke zaɓar inda mai zai bi shi ne solonoid da ke cikin tof, burenbos kuma, wato kwamfutar motar, ke ba shi umarni bisa abin da sensar karanshaf da ta kamshaf suka gaya masa. Kafin solonoid akwai 'yar rariya mai tace datti. A cikin giyar kuma akwai ɗan fil da ke kulle ta idan an kashe mota, sai matsin mai ya ɗaga shi bayan an tayar. VTEC na Honda dabararsa daban ce, domin shi yana sauya tozon da bawul ke bi ne don ya ƙara buɗewa, amma shi ma da matsin mai yake tura filolinsa, kuma yana da tasa rariyar.

A nan ne canje-canjen biyu suke haɗuwa, kuma wannan shi ne abin da ya fi kamata bakanike ya riƙe. Man da solonoid ya saki ba ta bututu yake isa giyar ba. Yana bi ta kwarmin da aka sassaƙa a mazaunin farko na kamshaf, ya shiga ramukan da ke cikin sandar, sannan ya fita cikin giyar. Idan wannan mazauni ya ci, mai yana zurarewa ta gefe kafin ya kai inda aka aike shi. Giyar ta yi nawa, ko ta kasa riƙe matsayinta, burenbos ya kunna wutar cek ya rubuta laifin VVT, alhali solonoid da giyar lafiyarsu ƙalau. Tazarar da masana'anta ta bari tsakanin wuya da mazauni ƙarama ce ƙwarai: a injin 1ZZ-FE tsakanin 0.035 da 0.072 na milimita take, kuma idan ta wuce 0.10 an fita iyaka. A tsohon inji baƙin mai aikinsa shafawa da sanyayawa. A sabon inji ya ƙara zama hannun da ke motsa taimin, saboda haka kaurinsa da tsabtarsa da matsinsa sun zama sassan injin kamar yadda fistin yake.

Yanayin ƙasar Katagum kuwa bai raga wa mai ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ta duk matatar iskar da ta yage ko aka bubbuge aka mayar. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Littafin yawancin waɗannan motoci 5W-30 ya rubuta, amma abin da aka saba zubawa 20W-50 ne ko SAE 40, bisa imanin da aka gada daga zamanin 504 cewa ƙasa mai zafi sai mai mai kauri. Mai kauri yana jinkirin isa saman tof da safe, kuma waɗannan 'yan daƙiƙoƙin farko su ne lokacin da mazauni ya fi ci. Ga man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya ba a san asalinsa ba, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta daɗe tana yaƙi da jabunsa, ga matatar mai ta jabu, ga jinkirin juye idan aljihu ya yi ƙunci. Wasu motocin ma da cutarsu suka sauka daga jirgi. A Amurka an yi ta ƙorafi kan daskarewar mai a injunan Toyota 1MZ-FE da 5S-FE na 1997 zuwa 2002 har kamfanin ya ɗauki nauyin gyara, Honda kuma ta fitar da sanarwar gyara kan ƙarar giyar taimin a Accord mai injin lita 2.4 ta 2008 da 'yan shekarun bayanta. Wani abin kuma hannun gareji ne ke jawo shi: gam ɗin silikon da ake lafta wa murfin tof da kaskon mai yana ɓallewa ta ciki ya toshe rariyar famfo, cire tamostat da zuba ruwan rijiya a lagireto kuma suna kai inji ga tafasa.

Alamomin da mai mota ke kawowa gareji ba su da yawa. Akwai ƙarar kar-kar ta daƙiƙa ɗaya ko biyu idan an tayar da safe, wadda yawanci fil ɗin giyar ne ya daina kullewa. Akwai silo mai rawa ko mutuwar inji a tsaye, idan giyar ta maƙale a gaba. Akwai mutuwar jiki a hawa da shan fetur, idan ta maƙale a baya. Mazaunin da ya ci kuwa yana ba da ƙwanƙwasa ko guga daga saman inji, yana sa sil ɗin gaban kamshaf yoyo ko an canza shi, kuma laifinsa ya fi bayyana idan inji ya yi zafi yana silo, lokacin da mai ya tsinke matsi ya sauka. Wannan bambanci na sanyi da zafi babban jagora ne. Laifin da ke zuwa da safe ya tafi, a fara zargin fil ko man da ke komawa ƙasa cikin dare. Wanda ba ya zuwa sai an yi tafiya daga Azare an kusa Potiskum, a fara zargin matsi.

Kwamfutar bincike ta shigo garejin ne saboda dokokin ƙasashen da motocin suka fito. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II daga 1996, Turai ta bi baya a motocin fetur a 2001, don haka kusan kowace 'yar Beljiyam tana da soket a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da suka shafi wannan matsala sanannu ne: P0010 na wayar solonoid, P0011 da P0012 na taimin da ya wuce gaba ko ya tsaya baya, P0016 na rashin jituwa tsakanin karanshaf da kamshaf, P1349 a tsofaffin Toyota, P2646 a Honda. Kuskuren da ya yaɗu tare da na'urar shi ne ɗaukar lamba a matsayin sunan kayan da za a saya. Lamba tana faɗin abin da burenbos ya gani ne kawai, ba ta faɗin dalili. An sha canza solonoid sau biyu da giya sau ɗaya a injin da ciwonsa toshewar rariya ce ko famfon da ya gaji.

Binciken da ya inganta daga ma'aunin mai yake farawa: yawansa, launinsa, kaurinsa, da ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinsa. A buɗe murfin zuba mai a leƙa. Baƙin kitse da ya daskare a ciki ya riga ya ba da rabin amsa. Daga nan a duba waya da soket, a auna solonoid da mita, wanda a injunan Toyota na wannan zamani yake ba da tsakanin om 6.9 da 7.9 idan yana da sanyi. A ciro shi a ga ko sandarsa na motsi, a ciro rariyar a wanke ko a canza. Akwai gwaji mai arha da littafin Toyota ya tanada: inji na silo da zafinsa, a ba solonoid wutar batir kai tsaye. Idan silo ya rikice ko inji ya mutu, mai yana isa giyar kuma tana motsi. Idan babu abin da ya canza, laifin yana tsakanin solonoid da hanyar mai da giyar. Na'ura mai kyau tana nuna kusurwar da burenbos ya nema da wadda kamshaf ta kai, kuma kallon waɗannan lambobi biyu yayin da ake taka totur ya fi karanta lambar laifi amfani nesa ba kusa ba.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne auna matsin mai da agogon awo a gurbin suwicin mai, inji na da zafi. Wutar mai ta dashbod ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, don haka rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. A injin 1ZZ-FE ana neman aƙalla kilofaskal 29 a silo, da kusan 300 zuwa sama a juyi 3,000. Idan matsi ya gaza, sai a sauke kasko a duba rariyar famfo da metal ɗin karanshaf kafin a taɓa komai a sama. Idan matsin ƙasa ya cika amma giyar na nawa, lokacin buɗe murfin tof ya yi. Ana sassauta marafan kamshaf kaɗan-kaɗan bisa tsarin da littafi ya nuna, domin sifirin ɗin bawul na iya lanƙwasa sandar ko ya fasa marfi. Layukan da farce ke kamawa, da alminiyam da ya manne a wuya, da shuɗin ƙuna, duk shaida ce. Tazarar kuwa ana auna ta da siririn zaren roba da ake ɗorawa a wuya a ɗaure marfi a kansa, a kwance a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Ba shi da tsada, ƙarancin saninsa ne ya sa ba a cika ganinsa a akwatin kaya ba. Idan lambar P0016 ce, a duba makin taimin da miƙewar sarƙa da tenshona kafin a ɗora wa giyar laifi.

Tof ɗin da ya taɓa tafasa yana da tasa matsalar. Zafi yana lanƙwasa shi gaba ɗaya, sama da ƙasa. Idan aka kai wa masu injin gurza suka daidaita fuskar ƙasa don gaskit ya zauna, layin mazaunan kamshaf na sama yana nan a karkace. Gwajin shi ne a kwantar da kamshaf a mazauninta ba tare da nauyin bawul ba, a ɗaure marafan, a juya ta da hannu. Idan ta cije, za ta cinye mazaunin cikin 'yan makonni.

Gyaran ya danganta da inda aka sami laifin. Solonoid da rariya da giya ana canza su, kuma giyar tana da ƙa'idar ɗaurewa game da kullewar fil ɗinta da ya kamata a bi daga littafin injin. Ɗan kurji a wuya ana iya goge shi idan tazara ba ta wuce iyaka ba. Wasu injuna suna da ƙaramin metal a mazaunin farko, wasu sababbi irin 2ZR-FE da 2AR-FE kuma kamshaf ɗinsu tana cikin gida na daban da ake ɗaurawa a kan tof, wanda ake iya canzawa shi kaɗai. Amma a injin da mazaunin jikin tof ne, idan ya ci sosai magani shi ne wani tof tare da marafansa na asali. Ana iya sake huda layin mazaunan, sai dai aiki ne na injin musamman da kuɗinsa kan zarce na tof ɗin gwanjo. Shi ya sa hanyar da aka fi bi ita ce aike Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ko Ladipo a Legas, a ɗoro tof ko inji sukutum a motar haya. Tof ɗin gwanjo shi ma a auna shi kafin a ɗaura, a wanke hanyoyin mai, a shafa wa wuyoyi mai, a ɗaure marafan da sifanar awo, domin zaren alminiyam ba ya ɗaukar ƙarfin hannu yadda baƙin ƙarfe ke ɗauka.

Akwai dabarun da talauci ya haifa waɗanda ya kamata a faɗi illarsu a fili. Goge ƙasan marfi a kan takardar yashi don ya matse yana rage tazara ta sama da ƙasa, ya bar ramin ba a zagaye ba, sai ya cije idan ya yi zafi. Cire rariya a jefar yana buɗe wa datti hanya zuwa solonoid. Zare soket ɗin solonoid ko cire ƙwan wutar cek yana ɓoye laifi ne, mota ta ci gaba da shan fetur, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ba ƙaramar asara ba ce. Ƙara kaurin mai yana rufe ƙara na ɗan lokaci yana ƙara wa saman tof yunwa da safe. Wanke cikin inji da kananzir ko man gas yana ɓamɓaro daskararren datti ya tara shi a rariyar famfo. Injin da ya daskare sosai gara a buɗe murfi da kasko a wanke da hannu, a biyo da juye biyu kusa da juna. Ba duk laifin ke kan bakanike ba. Mai motar da ya ƙi biyan kuɗin bincike, ya ce a sa masa abin da zai kai shi gida, shi ma yana da hannu a injin da ya buga.

Tsarin koyon sana'ar bai canza sosai ba. Uba ko wa yana kai yaro wurin maigida, ya fara da wankin kaya da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a yaye shi, kanikawa kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA da ke sasanta rikici tsakaninsu da masu mota. Abin da ya canza shi ne rabon aiki. A da bakanike ke da inji, mai wayarin ke da fitila da batir. Laifin VVT ya ratsa tsakaninsu, rabinsa wuta rabinsa mai, har aka sami rukuni na uku, matasa masu na'urar bincike, da yawansu sun yi makaranta, suna iya karanta littafin gyara a waya. Mai na'ura yakan san kusurwar da burenbos ke nema bai taɓa ɗaga kamshaf da hannunsa ba, tsohon maigida kuma yana gane mazaunin da ya ci da ɗan yatsa amma lambar P0012 ba ta ce masa komai. Garejin da suka fi dacewa da wannan aiki su ne waɗanda suka haɗa su biyun a kan mota ɗaya, suka kuma ƙara agogon matsin mai da sifanar awo da zaren auna tazara a cikin kayan aikinsu. Motocin da ke shigowa yanzu suna da giyar VVT a kamshaf ɗin shiga da ta fita duka, wasu suna neman mai mai tsinkewar 0W-20, wasu kuma injin lantarki ke juya giyar tasu maimakon mai, kuma waɗannan ne yaran da ke wankin kaya a garejin Azare yau za su buɗe idan an yaye su.